Ba A Mayar Da Kwano Wayam

Daga Mahbuba Rijiyar Lemo

SHAFI NA 14

Da sunan Allah, wanda Ya ara mana rai muka ga wannan Sallar.

Barkanmu da Sallah jama'ar gidan nan. Masu turo mini saƙo tun da safe wai "Anti ina shafinmu?", ku ji tsoron Allah. Ni ma mutum ce, kan rago da ƙafafu na gabana suna jiran babbaka. Da hannu ɗaya nake wannan rubutun. Wadda kuma ta ce na tsani Goggo Jawahir, ban tsane ta ba, bakinta ne ba shi da linzami.

Ga waɗanda suka shigo yau: Zara ita ce babbar 'yar Alhaji Hambali na Fagge, mutanen Barno ne da suka daɗe a Kano. Mahaifiyarta Ya Fanta ta rasu wata goma da suka wuce. Gab da azumi hawan jini ya kayar da Alhaji a bakin masallaci, ya tashi da hannun hagu a sanyaye, likita ta ce in aka kuma sai dai wani ikon Allah. Tun daga ranar Zara ta karɓe kicin. To mu je.

*

Washegarin Babbar Sallah gidan ya cika dam, ko'ina ka taka tabarma ce da faranti. A shekarun baya irin wannan ranar tun daga bakin layi kake jin ƙaurin suya, ƙatuwar tukunya cike da mai, Ya Fanta a tsaye a kanta da matsami. Bana babu tukunyar mai.

Zara ta yanke kitsen tas ta ba maƙwabta masu so. Naman ta dafa shi da citta da tafarnuwa da masoro da albasa mai yawa, sannan ta jera a kan waya ta gasa a garwashi. Ta yi burabiskon gero da miyar alayyahu, daddawa a madadin magi. Zoɓon ma babu sukari, ɓawon abarba ne da dabino. Ga kwaɗon zogale a babban tire.

Goggo Jawahir, ƙanwar Alhaji, ta ɗaga tsoka ɗaya sama tana juya ta.

"Zara."

"Na'am Goggo."

"Ragon nan da zai yi magana, wallahi ƙararki zai kai. Ina kitsensa?"

"Yana gidan maƙwabta, Goggo."

"Gishirin fa? Shi ma maƙwabtan kika ba?"

"Akwai shi. Rabin cokalin shayi a tukunya."

"Rabin cokalin shayi! A gidan Ya Fanta! Allah Ya jiƙan mai hannu. Mun zo Sallah an tare mu da abincin gadon asibiti."

Matan wurin suka kwashe da dariya. Abin da ke ba ni haushi da Goggo, tana wannan maganar ne tana miƙa farantinta a ƙara mata, karo na uku ke nan. Yara kuwa sun shanye zoɓon tun kafin azahar, ba wanda ya tambayi sukari.

Zara ta ci gaba da rabon abinci. Wata huɗu tana shan irin wannan, kunnenta ya saba. Abin da ke cin ranta daban ne. Duk wahalar nan da take yi, jinin Baba hawa yake maimakon sauka. Satin da ya wuce Likita Chiamaka ta cire tabarau ta dube ta ta ce, "Kin tabbata abin da kike dafawa kaɗai yake ci?" Zara har rantsuwa ta yi.

Ta ɗauki na'urar awon jini ta nufi ɗakinsa.

Ɗakin Baba a soro yake, ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta kan layi inda baƙinsa ke shigowa. Ta same shi a kishingiɗe da farar babbar riga. Tiren da ta kawo masa tun hantsi yana nan yadda ta ajiye.

"Baba ba ka ci ba."

"Cikina ne a cushe, Uwata."

Haka yake kiranta, sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ta naɗa masa abin a damtse. Na'urar ta hura, ta saki. Ɗari da casa'in da biyu a sama, ɗari da goma a ƙasa.

Ta sake aunawa. Bai sauka ba.

"Ka sha maganin safe?"

"Na sha."

"Kanka na ciwo?"

"Kaɗan, nan ƙeya."

Tana warware abin daga hannunsa idonta ya sauka a bakin hannun rigar. Ja ne, ɗigo biyu, bai ma bushe ba. Ta kai hanci.

Manja.

Rabon gidan nan da manja tun kafin azumi, da hannunta ta kyautar da galan ɗin.

"Baba, mene ne wannan?"

"Goro ne."

"Goro ba ya maiƙo."

Ya juya fuskarsa bango. Ita kuwa ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta miƙa hannu, ta jawo.

Langa ce fara mai shuɗin baki, murfinta ya ɗan ɓantare a gefe ɗaya. Da ɗuminta. Ta buɗe. Miyar ganye ce irin ta Yarbawa, manja na iyo a kai, ganda da kayan ciki da busasshen kifi, an cinye fiye da rabi. Ta tsoma yatsa ta lasa. Gishiri zau, har sai da ta runtse ido.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baba!"

Muryarta ce ta jawo Goggo da gudu, hannu duk zogale.

"Lafiya? Faɗuwa ya yi?"

"Goggo ke ce?"

"Ni ce me?"

"Ke kike ba shi wannan a ɓoye? Kullum kina cewa ina horar da shi da yunwa, ashe kin samo hanya?"

"Ke Zara, ki iya bakinki! Ni mai surutu ce, na yarda, amma ɗan uwana zan kashe? Yaushe ma na iya miyar Yar..."

Maganar ta tsaya a bakinta. Langar take kallo.

"Ina kika samo wannan?"

"Ƙarƙashin gadonsa."

"Zara, wannan ai langar Ya Fanta ce."

Sai a lokacin Zara ta dube ta da kyau. Fushi ne ya rufe mata ido da farko. Ita ce, ga ɓantarewar murfin, ga harafin F da Inna, wato Ya Fanta, ta rubuta da jan farce a gindi don kada ta ɓata a gidan biki.

Baba ya tashi zaune da ƙyar.

"Ku bar Jawahir, ba ruwanta. Daga gidan Mulikat ne."

Wanda bai san Iya Mulikat ba, ƙawar Ya Fanta ce ta shekara talatin, Bayarbiyar Sabon Gari, a Kasuwar Singa suka haɗu suna matasa. Duk Sallah Ya Fanta kan yi danderu, naman nan da 'yan Barno ke rufewa a tukunya cikin garwashi har ya yi luguf, ta zuba a wannan langar ta aika mata. Ita kuma Iya Mulikat ta cika ta da miyar ganye ta dawo da ita. A tsakaninsu abin kunya ne babba a mayar da kwano wayam.

"Tun yaushe Baba?"

"Tun Ƙaramar Sallah."

"Wata biyu da kwana goma?"

"Duk Juma'a. Sai jiya, sai kuma yau."

"Wa ke kawowa?"

"Ban sani ba."

"Baba!"

"Wallahi ban sani ba, Uwata. Ina dawowa daga masallaci in tarar da ita a bakin ƙofar waje. In na gama in ɗauraye, in sa dabino uku a ciki, in ajiye a inda na gan ta. Kafin magariba babu ita."

Hawaye ya zubo mata.

"Ina auna gishiri da cokalin shayi saboda kai. Ina tashi in jiƙa gero, in tsince ganye, in sha gori a gaban dangi. Kai kuma kana nan kana cin ajalinka a ƙarƙashin gado. Inna ta tafi, kai ma so kake ka bar mu?"

Ya dubi langar.

"Abincinki da daɗi, ban taɓa cewa babu ba. Ba gishirin nake bi ba. In na buɗe ƙofa na ga langar nan, sai in ji kamar uwarku na cikin gida tana faɗa da ku. Shi ke nan fa."

Ni kam a nan sai da na ajiye wayar na share ido. Tsohon nan ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Goggo ce ta yi magana, a hankali, abin da ba halinta ba.

"Yaya, ka ce daga gidan Mulikat. To yaya aka yi langar ta je gidan Mulikat? Ni na wanke ta ranar sadakar bakwai. Zara ta sa a kabad ta kulle a gabana."

Zara ta miƙe. Ta ratsa matan tsakar gida, ta ɗauko jakarta, ta zuge ƙaramin aljihu. Makullan biyu na nan, na ɗaki da na kabad. Ta buɗe ɗakin Inna. Gado a gyare yadda aka bar shi. Kwaɗon kabad a kulle, har ya fara tsatsa, sai da ta murɗa da ƙarfi.

Samiru a jere, tasoshi a jere, kofunan shayi a jere.

Gurbi ɗaya ne babu komai.

Goggo da ta biyo ta ta zame ta zauna a ƙasa.

"La haula wa la ƙuwwata illa billah."

"Akwai mai wani makullin," in ji Zara. "Dole akwai. Yanzu zan je in ji daga bakin Iya."

Ta koma soro ta ɗauki langar, ta juye sauran miyar a kwata, ta ɗauraye.

"Ki ɗebi ko gasasshen naman nan ki zuba," Goggo ta ce. "Kada ki kai musu ita haka."

"Haka zan kai ta. Ke dai kar ki bar Baba shi kaɗai, ko ruwa zai sha ki ɗanɗana tukuna. Ikrima ya dawo da mota mu kai shi asibiti."

Ikrima ƙanenta ne, ya tafi rabon nama Rijiyar Lemo tun safe, wayarsa ba ta shiga.

*

A mahaɗar Bata cunkoso ya riƙe adaidaita sahun kusan minti ashirin, ita dai tana rungume da langar a cikin mayafi. Ana gab da la'asar ta sauka a Sabon Gari, ta shiga gidan hayar nan mai dogon lungu, ɗakuna na kallon juna. Gidan shiru, Musulmin ciki sun tafi yawon Sallah, sauran suna kasuwa.

Kaosarat, autar Iya, sa'ar Zara ce. Tana ganinta ta taso da murna, sai kuma ta kama hannunta ta ja ta gefe.

"Barka da Sallah. Don Allah kar ki manta, har yanzu Iya ba ta sani ba."

Zara ta rufe ido. Ta manta kuwa.

Lokacin da Ya Fanta ta rasu, Iya Mulikat na kwance a asibiti, zuciyarta ta kumbura. 'Ya'yanta suka zo Fagge suka roƙa a ɓoye mata, wai in ta ji ba za ta kwana ba. Aka ce mata Fanta ta tafi Maiduguri jinyar yayarta. Aka ce sai ta warware a gaya mata. Wata ya bi wata, kowa na jiran wani ya fara. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wannan dai ta yi.

"Wace ce a nan?" aka tambaya daga cikin ɗaki.

"Zara ce Iya."

"Ah-ah! 'Yar Fanta! Shigo, shigo 'yata."

Iya na zaune a kan gado da carbi, yanar ido ta rufe idanunta biyu, inuwar mutum kawai take gani. Zara ta durƙusa ta gaishe ta, ta jawo wata 'yar kujerar tsugunno a bakin ƙofa ta zauna.

"Me kika riƙe? Miƙo in ji."

Ta shafa langar, ta jijjiga ta, ta buɗe, ta zura hannu har ƙasa.

"Wayam?"

"Iya..."

"Ni aka kawo wa kwano wayam? Me na yi wa uwarki?"

"Ba laifi kika yi ba Iya. Roƙo na zo. Don Allah ki daina aika wa Baba miya. Hawan jini gare shi, likita ta hana shi gishiri da mai. Yau jininsa ya kusa ɗari biyu."

"Ni na aika? Ni ban aika kowa ba o. Kwano ya zo mini da abinci, in mayar da shi haka? A ina aka taɓa yi?"

"Wa ya kawo miki?"

"Wa zai kawo? Uwarki mana."

Zara ta juya ta kalli Kaosarat. Kaosarat ta yi mata alama da ido, wai ta bi ta a hankali.

"Ta dawo daga Maiduguri tun Ƙaramar Sallah," Iya ta ci gaba, "ba wanda ya gaya mini a cikinku, marasa kirki. Ina zaune sai ga ta da langarta. Na ce Fanta, haka ake yi? Wata takwas ko waya? Ta ce inda ta je babu sabis."

Kaosarat ta sunkuyo kunnen Zara.

"Kullum haka take faɗa. Ranar Juma'a ina shago a Singa, in na dawo in tarar da danderu a kwanonmu. Jiya da yau da safe ma na fita yawon Sallah, ban ga mai kawowa ba. Na ɗauka ke kike turo wata 'yar uwarku, don asirinmu ya rufu. Har na so in kira ki in yi godiya."

"Ban turo kowa ba."

"Ki bar wasa."

"Kaosarat, ni ban ma iya danderu ba. Kullum Inna na cewa in zo in koya, ina cewa sai wata Sallar."

Kaosarat ta saki hannunta.

"Me kuke raɗa?" Iya ta tambaya.

"Ba komai Iya," Zara ta ce. "Miyar wa ke dafawa? Kaosarat?"

"Wannan? Tun da aka sallamo ni ta ɓoye gishiri da manja da magi, irin ku ɗaya da ita. Ni nake dafawa da kaina a rishon nan. Fanta ke zuwa da kayan miyarta, gishirin ma a ƙulle a bakin lafayarta. Ta zauna tana ba ni labari ina juyawa. In na zuba gishiri ta ce, 'Ƙara, Mulikat.' In ƙara. Ta ce, 'Ƙara dai.'"

"A ina take zama?"

"Nan bakin ƙofa, a kujerar da kike kai."

Zara ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Kujerar ta kife.

Jama'a, ni da ku mun san wanda ya mutu ya mutu, ba ya dawowa. Zara ma ta sani, da ita aka yi wankan gawar. Amma sani daban, tsayuwa a ɗakin nan daban. Ni da nake rubutawa da rana tsaka sai da na waiwaya bayana.

"Dabinon fa Iya?" Zara ta tambaya. "Baba na sa dabino uku a ciki in zai mayar."

"Wane dabino? Ban taɓa ganin dabino ba. Nama take kawowa."

"Akwai sauran na jiya a firji," Kaosarat ta ce. "Ni ban ci ba."

"Ɗauko."

Ta ɗauko a wani kwanon roba. Zara ta yi bismilla, ta karanta abin da ya zo bakinta, ta gutsiri kaɗan ta sa a harshe.

Ta jingina da bango.

Hannun Inna ne. Yawan kanumfarin, ɗan ɗacin ɓawon lemon tsamin da take jefawa a ƙarshe, wanda ko Goggo ba ta san da shi ba. Babu mai yin wannan a Kano sai mutum ɗaya.

Abu biyu ne kawai suka bambanta. Babu ɗigon kitse a jiki. Babu gishiri ko ƙwaya ɗaya.

"Iya, wannan ai lami ne."

Iya ta yi dariya har da tafa cinya.

"Na yi mata ƙorafi! Na ce Fanta, ke da hannunki ke da nauyi, me ya same ki? Ta ce nawa dabam ne. Ta ce, 'Ke zama za ki yi Mulikat, ba ki aurar da Kaosarat ba. Ki ci lami ki daɗe.'"

"Na Baba fa?"

"Shi ta ce a cika masa hannu. Na ce ba ki tsoron jininsa? Ta ce, 'Bar shi ya ci abin da ransa ke so. Na gaji da zama ni kaɗai.'"

Kaosarat ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Ni ma na yi mamaki," Iya ta ce. "Na ce ke kaɗai kamar yaya, ga gida cike da yara? Ba ta amsa ba. Kin san uwarki in ba ta son magana."

Zara ta zaro waya, ta kira Goggo. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Goggo, Ikrima ya dawo?"

"Bai dawo ba. Zara ki taho, yayana ya ishe ni."

"Me ya yi? Ya ci wani abu?"

"Bai ci ba. Wanka ya yi. Ya ce in ciro masa sabuwar shaddar da bai taɓa sawa ba, ya fesa turare, ya sa in buɗe ƙofar waje. Yana nan zaune a bakin gado yana kallon layi."

"Me ya ce?"

"Wai baƙuwa zai yi bayan la'asar."

"Ki rufe ƙofar! Goggo ki rufe ta ki sa sakata!"

"Na rufe sau biyu. Ina juyawa in gan ta a buɗe, shi kuma bai motsa daga inda yake ba."

Wayar ta katse.

Daga masallacin bayan layi aka tayar da sallar la'asar.

Iya ta gyara zama ta laluba gefen gado.

"Yauwa. Kaosarat, kunna mini risho. Ta ce yau sau biyu za ta zo, Sallah ce. Tunda kin kawo langar ma kin hutar da ita."

"Iya ba za a dafa ba," Zara ta ce.

"Ah-ah, ke da uwarki wa zan bi?"

"Iya ki saurare ni. Akwai maganar da aka ɓoye miki."

Kaosarat ta cafke ta.

"Zara, don girman Allah! Zuciyarta! Likita ya ce ko ƙarar ƙofa..."

"Ubana fa? In ba ta sani ba ba za ta daina ba. Ki zaɓa mini, Kaosarat, uwarki ko ubana?"

"Wace magana ce aka ɓoye mini?" Iya ta juyo da fararen idanunta wajensu. "Ku gaya mini. Wa ya mutu?"

Zara ta durƙusa a gabanta, ta kama hannuwanta biyu, hawaye na ɗiga a kansu.

"Iya, Inna ba Maiduguri ta je ba. Inna ta..."

Shaaf.

Zara ta kasa kunne.

Tak. Shaaf.

Daga bakin lungun gidan ne. Taku ɗaya, sai jan silifa. Taku ɗaya, sai jan silifa. Tun haihuwar Ikrima Inna ke jan ƙafar hagu, yaran gidan kan gane zuwanta tun daga soro su ɓoye ɓarnarsu.

Tak. Shaaf.

Ya wuce ɗaki na farko. Ya wuce na biyu.

Kaosarat ta fara karanta Ayatul Kursiyyu, ta kai tsakiya ta rasa ta, ta sake farowa.

Fuskar Iya ta washe.

"Kun ji ko? Ku da kuke cewa na rikice."

Takun ya tsaya. Labulen ƙofar ya ɗan motsa, a ƙarƙashinsa ga bakin koriyar lafaya yana taɓa siminti.

"Salamu alaikum. Mulikat, na ji muryar Zara a ciki, ki ce ta miƙo langar. Yau ki cika ta har baki, tare za mu ci da Alhaji."